Kayan Tarihin Soja: Tattarawa, Bincike da Bajewa

1.0 Gabatarwa

A gidaje da dama na ƙasar Hausa akan tarar da tsohuwar adaka wadda ke ɗauke da lambobin yabo, da hoto, da takardar sallama ta wani kaka da ya yi aikin soja a zamanin Turawa. Sau da yawa magada sun san cewa "ya je Bama", amma ba su san bataliyarsa ko shekarar da aka sallame shi ba. Wannan darasi zai yi bayani a kan yadda ake tattara irin waɗannan kaya, da yadda ake bin diddigin mai su a cikin takardu, da kuma yadda ake baje su a makaranta. Abin da ake son ɗalibi ya riƙe shi ne, kayan tarihi ba ya zama hujja sai an danganta shi da wani soja takamaimai, mai suna da lamba da runduna.

2.0 Taƙaitaccen Tarihi

A shekarar 1897 Turawan Ingila suka kafa Rundunar Tsaron Iyakokin Afirka ta Yamma a ƙarƙashin Lugga, kuma Hausa ta zama harshen mu'amala a barikokinta. Ta wannan hanya kalmomi irin su soja, da kofur, da saja, da samanja, da fareti suka samu gindin zama a harshen. Sojojin rundunar sun yi yaƙi a Togo da Kamaru da Afirka ta Gabas a Yaƙin Duniya na Ɗaya (1914–1918). A Yaƙin Duniya na Biyu (1939–1945) sun fafata da Italiya a Somaliya da Habasha, sannan aka kafa Runduna ta 81 da ta 82 a 1943, waɗanda suka yaƙi Japan a ƙasar Bama. Sunayen barikoki kamar Kalapanzin a Kaduna da Myohaung a Legas duk daga fagagen daga na Bama aka samo su. Haka kuma Sa'adu Zungur ya tsara waƙar "Maraba da Soja" domin tarbar waɗanda suka dawo.

3.0 Ire-iren Kayan da Ake Tattarawa

Ana iya karkasa kayan zuwa gida uku.

(a) Lambobin yabo. Na Yaƙin Duniya na Ɗaya sun fi sauƙin bincike, domin a gefen kowace lamba an buga lambar sojan, da muƙaminsa, da sunansa, da rundunarsa. Lambobin halartar Yaƙin Duniya na Biyu kuwa, galibi Ingila ta bayar da su ba tare da suna ba. Misali, Tauraron Bama yana da tsini shida, kuma ƙyallensa ja ne a tsakiya, da shuɗi mai duhu da ratsin ruwan lemo a gefe. Yana nuna cewa mai shi ya yi aiki a fagen Bama tsakanin Disamba 1941 da Satumba 1945, amma ba ya faɗin ko wane ne.

(b) Tufafi da alamomi. Waɗannan sun haɗa da jar dara, da maɓallai, da bajo. Alamar babbar rundunar ita ce bishiyar kwakwar manja. Ta Runduna ta 81 baƙin gizo-gizo ce a kan rawayan ƙyalle, ta 82 kuwa masu biyu ne gicciye da gammo. Saboda haka ɗan ƙyallen da aka ɗinka a hannun riga kan isa ya nuna rundunar da soja ya bi.

(c) Takardu. Su ne takardar sallama, da littafin albashi, da katin fansho, da wasiƙu na boko ko na ajami, da hotuna. Ko da yake ba su da ƙyalli, su suka fi kome daraja ga mai bincike.

4.0 Binciken Tarihin Aikin Soja

Mabuɗin bincike shi ne lambar soja, ba sunansa ba. Dalili kuwa shi ne, masu ɗaukar kuratu sukan rubuta sunan yanka su haɗa da sunan gari ko na ƙabila, ta yadda za a samu mutane da yawa masu suna ɗaya a bataliya guda. Ban da haka, rubutun Turawa bai bambanta ƙ da k, ko ɗ da d ba, kuma yakan rubuta Sakkwato da Zariya ta wata siga daban. Don haka wajibi ne mai bincike ya jarraba duk sigogin da suna zai iya ɗauka. Sannan kada ya ɗauka cewa duk mai sunan Hausa a rajista Bahaushe ne, domin mutanen ƙabilu da yawa sun shiga soja da sunayen Hausa.

Matakan binciken su ne kamar haka:

1. A kwafe duk abin da ke jikin kayan da takardun, harafi da harafi, ba tare da gyara ba.
2. A yi hira da dattawan gidan, a naɗi muryarsu, a rubuta ranar hira da wurinta. Tun da yaƙin ya ƙare a 1945, yawancin bayanai yanzu a bakin 'ya'ya da jikoki suke.
3. A tuntuɓi reshen Ƙungiyar Tsofaffin Sojoji na yankin, a kuma duba Ma'adanar Takardun Tarihi ta Ƙasa da Gidan Arewa, dukkansu a Kaduna, har da tsofaffin bugu na jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo wadda aka fara a 1939.
4. A nemi bayanan ma'adanar Ingila da ke Kew, inda ake ajiye katunan lambobin yabo na yaƙin farko, da littattafan da bataliyoyi suke rubuta al'amuran kowace rana. Waɗannan ba safai suke ambaton ƙaramin soja ba, amma suna nuna inda bataliyarsa take a kowane wata.
5. Idan sojan bai dawo ba, a duba rajistar Hukumar Kaburburan Yaƙi ta Ƙasashe Renon Ingila a intanet. Sai dai rashin ganin suna ba ya nufin mutum bai yi yaƙi ba. Rahoton da hukumar ta fitar a 2021 ya nuna cewa aƙalla mutum 116,000 da suka mutu a yaƙin farko, galibinsu 'yan Afirka da Asiya, ba a tuna da su da sunayensu ba.

A ƙarshe sai a gwama abin da baki ya faɗa da abin da takarda ta nuna. Inda suka saɓa, a rubuta duka biyun, kada a zaɓi wanda ya fi daɗin ji.

5.0 Adanawa da Bajewa

Kada a goge lamba da toka ko yashi ko lemon tsami, domin hakan kan cinye rubutun da ke gefenta. Kada a raba lambobin mutum ɗaya, kuma kada a raba su da takardunsa, tun da lambar da ba ta da suna takardar ce kaɗai shaidarta. A kare takardu daga danshi da gara da hasken rana, a kuma guji manne su da leda mai zafi. Abin da ya fi shi ne a baje hoton takarda, ainihinta ya zauna a gida. Harsashi ko gurneti ba abin kawowa makaranta ba ne komai tsufansa, sai dai a sanar da 'yan sanda.

Wajen bajewa, kowane abu ya samu ɗan kati da ingantacciyar Hausa mai nuna sunan abin, da sunan soja da lambarsa, da rundunarsa, da shekarun aikinsa, da gidan da ya bayar da aro. A rubuta yarjejeniyar aro, a kuma mayar da kaya a kan lokaci. Ranar 15 ga Janairu, wato Ranar Tunawa da Sojoji, ta dace da irin wannan baje koli.

6.0 Kammalawa

An ga cewa wannan aiki ya ƙunshi hira, da karanta boko da ajami, da nazarin sunaye da kalmomin aro, waɗanda duka fannonin malamin Hausa ne. Aikin kuma ba ya son jinkiri, domin duk dattijon da ya rasu, ko lambar azurfa da aka sayar aka narke, sunan wani soja ne ke iya ɓacewa tare da su.

Auna Fahimta

1. Me ya sa lambar soja ta fi sunansa muhimmanci a wajen bincike?
2. Kawo bambanci tsakanin lambobin yaƙin farko da na biyu.
3. Nemi wani gida mai irin waɗannan kaya a unguwarku, ka tsara katin bayani na abu guda.