Darasin Bana: Ciyar da 'Ya'ya Bayan Saki da Yadda Ake Duba Ɗaukaka Ƙara

Cikin masu zuwa gaban kwamitocin masallatanmu a ƙasar Ɗambatta akwai matan da aurensu ya mutu, suna riƙe da yara, uban yaran kuma yana raye, yana noma, yana cin kasuwa. Zakka takan share wa irin wannan baiwar Allah hawaye na 'yan kwanaki, amma abincin yaran yana wuyan ubansu. Don haka muka ga ya dace mu san hanyar da ake bi a karɓo wannan haƙƙi.

A mazhabar Malikiyya, wadda alƙalanmu suke hukunci da ita daga littattafai irin su Risala da Muhtasar na Halil da Tuhfatul Hukkam, wajibi ne uba ya ciyar da ɗansa har ya balaga yana iya nema, 'yarsa kuma har ta yi aure ta tare. Saki ba ya sauke wannan nauyi ko da yaran suna hannun uwa. Alƙali yana yanka abinci da sutura da wurin kwana gwargwadon ƙarfin uba da al'adar gari. Uba kuma ba shi da damar lissafa wannan ciyarwa a cikin zakkarsa.

Akwai mas'alar da mata da yawa suke asara a kanta. Ciyarwar yara ta kwanakin da suka wuce ba ta zama bashi a kan uba, sai idan alƙali ya riga ya yanka ta, ko wanda ya ciyar ya yi da niyyar a biya shi. Matar da kunya da kara suka hana ta magana shekara biyu tana iya tarar da cewa waɗannan shekarun sun tafi.

Shari'ar tana farawa ne a kotun shari'ar Musulunci ta yanki. Wanda bai gamsu ba, uwa ko uba, yana ɗaukaka ƙara zuwa babbar kotun shari'a, galibi cikin kwana 30. Daga nan sai Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'ar Musulunci da ke Kano, ƙarƙashin Alƙalin Alƙalai. Sashe na 277 na kundin tsarin mulki na 1999 ya ba ta hurumi a kan aure da riƙon yara da wakafi da gado, sashe na 278 kuma ya shar'anta a zauna da alƙalai aƙalla uku. Sama da ita akwai Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Tarayya, sannan Kotun Ƙoli a Abuja.

Abin lura shi ne kotun sama ba ta cika sake sauraron shaidu daga farko ba. Kwafin shari'ar da aka rubuta a kotun ƙasa shi take karantawa. Tana duba ko kotun tana da hurumi, ko an kira wanda ake ƙara an ji ta bakinsa, ko mai da'awa ya kawo shaidu kuma an bai wa abokin shari'a damar sukarsu. Tana duba ko an yi i'izari, wato alƙali ya tambayi wanda hukunci zai hau kansa ko yana da sauran hujja kafin a yanke, domin rashinsa kaɗai yakan rushe hukunci. Tana kuma auna adadin da aka yanka. Manomin da samunsa ke zuwa da kaka, daga gero da dawa da gyaɗa, ba a auna shi da ma'aikacin da ke jiran albashin wata. Daga ƙarshe kotun za ta tabbatar da hukuncin, ko ta gyara adadin, ko ta mayar a sake shari'ar. Shigar da ɗaukaka ƙara kaɗai ba ya dakatar da biya, sai kotu ta ba da umarni.

Saboda haka muna roƙon kwamitocinmu abu huɗu. A fara da sulhu ta hannun liman da mai unguwa ko Hukumar Hisba, a rubuta abin da aka amince, da shaidu. Idan sulhu ya ƙi, kada a bari watanni su shuɗe kafin a je kotu. A taimaka wa mai rauni da kuɗin mota da na karɓar kwafin shari'a kafin wa'adi ya cika. A ci gaba da tallafa wa yaran har hukunci ya fito, domin ciki ba ya jiran ranar zaman kotu.

Idan kuma ta tabbata uban ba shi da hali, to yaran sun shiga sahun mabuƙata, kuma a nan ne dukiyarku, ya ku masu bayarwa, take isa wurin da Allah Ya ajiye ta. Allah Ya karɓa, Ya shiryi zuriyarmu baki ɗaya.