Kafin Ka Ƙera Jirgin Kuza, Nemi Tarihinsa

Masu sha'awar ƙera ƙaramin samfurin jirgin ƙasa suna ƙaruwa a cikinmu, daga ɗaliban zanen gine-gine zuwa malaman tarihi da ke son nuna wa yara abin da allo ba zai nuna ba. Abin da ke damuna shi ne yawancinsu daga hotunan intanet suke kwafa, sai ka ga an zauna an ɓata wata guda ana ƙera tashar wani ƙauyen Ingila da korayen ciyayinta, alhali muna da namu layin da ya cancanci wannan wahalar. Ina nufin ƙaramin layin dogon da ya tashi daga Zariya ya hau tsaunin Jos ya tsaya a Bukuru, wanda Turawa suka kira Bauchi Light Railway. Shawarata ga mai son ƙera shi guda ce: ka zaɓi tasha ɗaya da shekara ɗaya, kuma kada ka yanka ko kwali sai ka san abin da ke wurin a wannan shekarar.

Ga abin da ya kamata ka riƙe tun farko. Saboda kuza aka gina layin. Kafin zuwansa a kan 'yan dako kuza ke sauka daga tsauni, tafiyar kwanaki har Loko a bakin Binuwai. Da layin Baro zuwa Kano ya kammala a 1911, sai aka ja reshe daga Zariya. Ya isa Rahama a 1912, ya kai Jos da Bukuru a 1914, tsawonsa mil 143, wato kimanin kilomita 230. Faɗin dogonsa ƙafa 2 da inci 6 ne, milimita 762, yayin da babban layin Najeriya ke da ƙafa 3 da inci 6. Duk da sunansa bai taɓa shiga garin Bauchi ba. A lokacin yankin ma'adinan yana ƙarƙashin Lardin Bauchi ne. An rufe shi a 1957.

Shekarar da ta raba rayuwar layin gida biyu ita ce 1927, lokacin da babban layi daga Kafanchan ya iso Jos, kuza ta samu hanya kai tsaye zuwa Fatakwal. Kafin nan duk wani injin haƙa da buhun kuza ta Zariya yake bi, a can ake sauke kaya daga ƙananan taragu a loda wa manya, tunda dogon biyu ba su dace ba. Bayan nan layin ya koma na mutanen karkara da amfanin gonarsu, har motocin lori suka ƙwace masa ciniki. Saboda haka wanda ya ce zai ƙera tashar Jos dole ya faɗi ta yaushe, domin ta 1920 da ta 1940 ba abu ɗaya ba ne. Idan ka auna layin duka da ma'aunin 1:87, wanda masu wannan sana'a suka fi amfani da shi, zai ci fiye da kilomita biyu da rabi. Tebur ɗaya kake da shi. Ɗauki Soba, ko Dutsen Wai, ko Kudaru, ko Rahama, ko Jengre inda hawan tsauni ke farawa, ka tsaya a nan.

Galibin masu ba da shawara cewa za su yi ka fara da takardu. Ni cewa nake ka fara da tsofaffi. Yaron da ke da shekara 10 ranar da jirgin ƙarshe ya wuce yanzu ya doshi 80, kuma fayil zai jira ka baɗi, shi kuwa sai yadda Allah ya yi. In ka isa garin, kada ka zarce bakin tsohuwar tasha da kyamara a hannu. Je ka gaida dagaci ko mai unguwa, ka faɗi abin da ya kawo ka, ka riƙe goronka, shi zai haɗa ka da waɗanda suka gani da idonsu. Ka nemi tsofaffin ma'aikatan reluwe da 'ya'yansu, amma kada ka manta da tsofaffin mata. Su ne suka yi tallar fura da ƙosai da rake a bakin tasha suna 'yan mata, sun san inda jirgin ke tsayawa ya sha ruwa da tsawon lokacin da yake ɗauka, don a wannan ɗan tsakanin suke cinikinsu.

Yadda za ka yi tambaya shi ne rabin aikin. In ka ce, "Baba, a wace shekara aka gina tankin ruwa?" za ka samu amsar kunya ko ta ƙage. Ce masa, "Baba, in mutum ya fito daga kasuwa ya fuskanci tasha, tankin yana dama ne ko hagu?" Ba shi kara ya zana maka a ƙasa, ka ɗauki hoton zanen kafin iska ta share. Tambaye shi rufin ofishin na kwano ne ko na ciyawa, bangon na ƙasa ne ko na dutse, layi nawa ne a gaban tasha, ina ake tara kaya, wane launi ne taragun fasinja. Lokaci kuwa ka ɗaure shi da abin da mutane ke tunawa: kafin yaƙin Hitila ko bayansa, zamanin Sarkin Zazzau Ja'afaru wanda ya yi sarauta daga 1937 zuwa 1959, ko shekarar zuwan Sarauniya, 1956. Ka nemi izini kafin ka naɗi murya. Abin da mutum ɗaya ya faɗa ka rubuta shi da fensir, sai ka ji shi daga bakin wani da ba su zauna tare ba sannan ka maimaita da biro. A ƙasar Lere da Kudaru akwai Kurama da sauran al'ummu da layin ya ratsa gonakinsu. Ka nemi mai fassara ka ji nasu labarin, don ba lallai ya zo daidai da na 'yan kasuwar da suka biyo jirgi suka zauna ba.

Daga nan sai takardu. A Ma'ajiyar Tarihi ta Ƙasa da ke Kaduna, fayilolin Lardin Zazzau suna ƙarƙashin ZARPROF, na Jos JOSPROF, na sakatariyar Arewa kuma SNP. Kada ka tsaya ga masu taken jirgin ƙasa kawai. Rahoton shekara na razdan, rahoton rangadin D.O., takardun biyan diyyar fili da na gobarar da tartsatsin jirgi ya tayar a gona, irin waɗannan ne ke ɗauke da ɗan zanen wuri da sunan rafi da nisan mil. Turawa sun rubuta sunayen garuruwa yadda kunnensu ya ji, don haka ka gwada rubutu iri-iri kafin ka yanke ƙauna. Gidan Arewa a Kaduna da ɗakin karatu na Kashim Ibrahim a Jami'ar Ahmadu Bello su ma wuraren dubawa ne, musamman don tsofaffin jaridu irin su Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda aka fara bugawa a Zariya a 1939. Akwai littafin Francis Jaekel mai juzu'i uku kan tarihin reluwen Najeriya, da na Bill Freund kan jari da ƙwadago a ma'adinan kuza. Na farko zai ba ka ƙarfe, na biyu mutanen da suka ɗauki nauyinsa. In ka ci karo da jadawalin tafiyar jirgi, ka riƙe shi da kyau. Shi zai gaya maka jirgi nawa ke wucewa a mako, a wace tasha biyu ke kaucewa juna, da ƙarfe nawa, wanda ke nuna maka ko ta wane gefe inuwa za ta faɗi a samfurinka.

Sannan ka taka wurin da ƙafarka. Kafin ka tashi, buɗe Google Earth ka nemi alamar layin: doguwar tsaga mai lanƙwasa a hankali, wadda ba ta yin kwana mai kaifi irin na hanyar ƙafa, wani wuri tudu, wani wuri rami. Da rani ta fi fitowa, bayan an girbe an ƙone ciyawa, kuma lokacin ne ya dace ka je. Ka tambayi mutanen gari halin tsaro kafin ka shiga daji, ka tafi da ɗan gari. Kayan aikinka tef na awo, littafi, da sanda mai tsawon mita ɗaya da ka shafa wa fari da baƙi. Duk abin da za ka ɗauki hotonsa, ƙafar gada ce, kwalbati ne, ko harsashin ofishi, jingina sandar a jiki, ka ɗauka daga gaba sosai ba a karkace ba. Ƙirga layin duwatsun gini, auna ƙofa da taga. Ɗebi ƙasar wurin a leda, domin jar ƙasar Soba dabam take da ta kan tsauni, kuma in ka tankaɗe ta ka gauraya da gam babu fentin da zai kama ta. Ƙarfe kuwa ko ƙusa ce ka bar ta inda ka same ta.

Kan jirgin da taragunsa ba sai ka yi hasashe ba. Gidan Tarihi na Jos, wanda aka buɗe a 1952, yana ajiye da ragowar kayan wannan layi. Nemi izinin ma'aikata ka auna: faɗin ƙafafu, tazarar da ke tsakaninsu, tsayin bututun hayaƙi daga kan dogo, tsawon tukunya. Duba jikin injin ko farantin maƙera na nan, mai ɗauke da sunan kamfani da lamba da shekara, domin da wannan lambar ake neman zanen asali a Ingila, inda kamfanonin birnin Leeds irin su Hunslet da Kitson suka yi suna wajen ƙera ƙananan injuna. Hattara da fenti: abin da aka ajiye shekaru a fili mai yiwuwa an sake shafa shi, don haka ka leƙa lungunan da buroshi ba ya kaiwa, ka haɗa da abin da tsofaffi suka ce. Tsohon hoto ma ma'auni ne. Tunda ka san tazarar dogon milimita 762 ce, duk abin da ke tsaye daidai wurin kana iya lissafa girmansa da ita.

Batun ma'auni gajere ne. A 1:87, dogo mai tazarar milimita 9 da ake sayarwa da sunan HOe ya yi kusan daidai da namu, mutum kuma zai zo santimita 2, gini mai mita 10 ya zo santimita 11 da rabi. A 1:48 ana amfani da dogo mai milimita 16.5, wanda ake kira On30, mutum ya kai santimita 3 da rabi. Ga wanda zai ƙera komai da hannu daga kwali da gwangwani da ɓargon kara, na fi son 1:48, don yatsa na iya kama aikin kuma ɗan aji na baya zai gani.

Abin da na fi so ka kula da shi shi ne mutane da ƙasar. Wannan dogo da hannun talakawa aka shimfiɗa shi, da aikin diga wanda sarakuna da hakimai suka tara wa leburori bisa umarnin Turawa, har Sarkin Zazzau Aliyu Ɗan Sidi ya yi waƙa a kan aikin dogo a ƙasarsa. A lokacin yaƙin duniya na biyu kuma an tilasta wa dubban mutane daga lardunan Arewa zuwa haƙar kuza a kan tsauni, sanyi da yunwa da cuta suka kashe da yawa. Samfurin da ya nuna injin mai ƙyalli da Bature da hularsa kawai, ya bar 'yan dako da masu gyaran dogo da fasinjan da ke zaune kan ƙunshinsa, bai faɗi gaskiya ba. Haka itatuwa: ɗorawa da kaɗanya da kuka a ƙasar Zazzau, duwatsu masu sulɓi a Kudaru, shingen ƙerana kewaye da gidaje in an hau tsauni, inda Jos ke sama da mita 1,200. Zaɓi damina ko rani ka tsaya a kai. Kada dawa ta yi kai a gefe guda alhali rafi ya ƙafe a ɗaya gefen.

Duk inda hujja ta ƙare dole ka cike da kintace, wannan ba laifi ba ne. Amma ka ajiye littafi guda da ke cewa wannan daga hoto ne, wannan daga bakin dattijo, wannan kintacena ne, ka ajiye shi kusa da samfurin don mai zuwa bayanka ya gyara. Muryoyin da ka naɗa da awon da ka yi kuma kada su tsaya a wayarka. Ka kai kwafi sashen tarihi na jami'a mafi kusa da kai, ka kai wani makarantar garin da aka ba ka labarin. In kana da niyyar wannan aiki, ranin bana ka shirya ka je wajen dattawan Soba da Kudaru da Rahama, katako da gam su biyo baya.