Kalmomin Tsare Cuta a Gidan Doguwar Jinya

Akwai asibitin da ake kwana uku a sallami mutum, akwai kuma gidan da majinyaci ke shiga ya yi wata da watanni, wani ma har ƙarshen kwanansa. Wannan na biyun shi ne gidan doguwar jinya: gidan tsofaffi, da sashen masu shanyewar ɓarin jiki, da asibitin masu taɓin hankali. A Ingila da Amurka irin gidajen nan suna da yawa. A wurinmu kuwa galibi ɗakin kaka a cikin gida shi ne gidan jinyar, jika ko suruka ce ma'aikaciyar. Kalmomin nan sun shafi kowa.

Cuta tana son irin wuraren nan, don garkuwar jikin tsoho ta yi rauni, ga banɗaki ɗaya, ga hannu ɗaya na bi gado gado. A farkon 2020 korona ta shiga wani gidan tsofaffi a garin Kirkland na jihar Washinton, ta kashe fiye da mutum 30.

Kalma ta farko ita ce ƙwayar cuta, halitta ƙanƙanuwa da ido ba ya gani. Akwai bakteriya, akwai bairos. Maganin kashe bakteriya ba ya taɓa bairos, saboda haka ɗura wa tsoho kafso don mura ɓarna ce, tana kuma koya wa ƙwayoyi taurin kai.

Sai ka bambance kamuwa da ɗauka. Wanda ya kamu, ƙwayar ta ci jikinsa, yana zazzaɓi ko gyambonsa na zub da mugunya. Mai ɗauka kuwa lafiyarsa lau, ƙwayar na zaune a hancinsa ko fatarsa, amma yana iya miƙa ta ga na kusa. Haka MRSA take yi, wata bakteriya mai ƙin jin magani da aka fara ganowa a Ingila a 1961.

Hanyoyin yaɗuwa uku ake lura da su. Ta taɓawa, kamar ƙazuwa da gudawa. Ta feshin tari da atishawa, wanda ke faɗuwa cikin mita ɗaya zuwa biyu. Ta iska, kamar tarin fuka da ƙyanda, masu daɗewa suna yawo a rufaffen ɗaki. Maganin wannan buɗe tagogi da takunkumi na musamman.

Kariyar kullum ita ce uwar aikin. Ma'anarta, ka ɗauki jini da fitsari da bayan gida da mugunyar kowa a matsayin masu cuta, ko an gwada ko ba a gwada ba. Ginshiƙinta tsabtar hannu. A 1847, a birnin Biyana, likita Semmelweis ya tilasta wa likitoci wanke hannu da ruwan kulorin kafin su taɓa masu haihuwa, mace-mace suka ragu ƙwarai, amma abokan aikinsa da yawa suka ƙi yarda. Hukumar Lafiya ta Duniya ta tsara lokuta biyar na tsabtace hannu: kafin taɓa majinyaci, kafin aiki mai tsabta kamar wankin gyambo, bayan taɓa ruwan jiki, bayan taɓa majinyacin, da bayan taɓa kayan da ke kewaye da shi. Da sabulu daƙiƙa 40 zuwa 60, da man goge hannu 20 zuwa 30. In gudawa ce, ko hannu ya ɓaci, to sabulu da ruwa kawai.

A nan ne ake yawan tuntuɓe. Dubi mai jinya ta sa safar hannu, ta juye jakar fitsarin Baba a fo, ta rataye ta ƙasa da mararsa yadda ya kamata. Madalla. Sai waya ta yi ƙara, ta ɗauka da safar, ta gyara matashi, ta miƙa masa kofin kunu. Safar ta tsare ta, ta cuci Baba. Safa aiki ɗaya take yi, a cire, a yar, a wanke hannu.

Wankewa dabam, kashe ƙwayoyi dabam. Bilic ba ya aiki sosai a kan dauɗa, sai an fara wankewa da omo. Almakashin gyambo kuwa sai an dafa shi a tukunyar tururi ta asibiti, mai zafin digiri 121.

Keɓewa ta wanda ya riga ya kamu ce. Killacewa ta wanda ya cuɗanya da shi ce, ana jira a ga ko cutar za ta bayyana. Wanda aka keɓe a riƙa leƙa shi ana gaishe shi, kaɗaici ma yana kwantar da tsoho.

Ɓarkewa kuma ba sai gari ya ɗauka ba. Mutum biyu ko uku a sashe ɗaya suka fara amai da gudawa a ɗan lokaci, a sanar da likita ran nan. Ka kuma sani tsoho kan kamu ba tare da zazzaɓi ba. In Inna ta ƙi abinci, ko ta wayi gari tana ruɗewa alhali jiya garau take, a duba fitsarinta da ƙirjinta kafin a ce tsufa ne.