DARASI: MAI CI BA YA IYA TSAYAWA

 

Ya ku ƴan'uwa Musulmi, mun sha yin wa'azi a masallatanmu na Gaya a kan almubazzaranci, wanda aya ta 31 ta Suratul A'arafi ta hana, da kuma hadisin Tirmizi da ya raba ciki kashi uku tsakanin abinci da ruwa da numfashi. Sai dai akwai wanda wa'azin nan kaɗai bai isar masa ba. Shi ne mutumin da kan keɓe, ya cinye tuwon mutum uku cikin gaggawa, ba don yunwa ba, ya kasa janye hannunsa, sa'annan kunya da nadama su lulluɓe shi. Mu kan kira shi mai haɗama, alhali Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya wannan hali cikin kundin cututtuka da ya fara aiki a 2022, idan yana maimaituwa kamar sau ɗaya a mako har tsawon watanni.

Masu ba da shawara kan umurce shi da ya riƙa rubuta abin da ya ci, da lokacin, da halin da zuciyarsa ke ciki. Sau da yawa sai a tarar baƙin ciki ne, ko bashi, ko kaɗaici ke tura shi ga akushi. Wannan bai yi nisa da muhasaba da muraƙaba da malamanmu suka karantar ba. Imamu Gazali ma ya keɓe babi ga sha'awar ciki a cikin Ihya'u. Idan sha'awar ta taso, ya dakata, ya tambayi kansa: yunwa ce ko damuwa? In zai ci, ya zauna, ya yi Bismillah, ya tauna a hankali, domin ƙoshi ba ya isa ga kwakwalwa nan take.

Kuskuren da muka fi gani shi ne ya hukunta kansa da yunwa ko da azumin nafila. Wunin yunwa shi ke jawo cin dare. Gara ya tsayar da lokutan ci uku, kada ya tsallake ko ɗaya. A watan Ramadan kuwa, ya buɗe baki da dabino da kunu, ya yi Magariba, kana ya komo ga shinkafa da kifi, kuma kada ya bar sahur.

Iyalinsa su daina yi masa gori. Idan abin ya daɗe, ko yana da ciwon sukari ko hawan jini, a raka shi asibiti ya gaya wa likita gaskiyar lamarin.