Mai Gadin da Ya Ƙi Barin Ƙofa: Cire Anti-bairos daga Tsohuwar Kwamfuta

Kawuna tsohon malamin firamare ne a Gwaram, kuma shi ne magatakardan ƙungiyar manoman unguwarsu. Yana da wata kwamfutar tafi-da-gidanka ta hannu da ɗansa ya sayo masa a Kano. A cikinta yake ajiye sunayen 'yan ƙungiya da lissafin taki da na bashi. Wata rana ya shigo mota ya same ni da ita a Birnin Kudu.

Ya ce, "Ɗana, duba mini wannan aba. In na kunna ta, sai in yi alwala in yi sallah in dawo ba ta gama farkawa ba. Ga wani jan rubutu kullum, wai in biya kuɗi."

Na ce, "Kawu, kawo ta mu gani."

Da na duba, sai na tarar da anti-bairos har uku a cikinta. Ɗaya da shi ta zo, wa'adinsa ya ƙare tuni, shi ne mai jan rubutu. Na biyu mai shagon da ya sayar da ita ne ya saka. Na uku wani yaro ne ya ƙara masa ranar da filashinsa ya kwaso cuta a shagon buga takardu.

Bairos muguwar manhaja ce da ke shiga kwamfuta ta ɓoye takardu, ko ta lalata su, ko ta saci bayanai. A wajenmu, ta filashi ta fi shigowa. Anti-bairos kuwa mai gadi ne. Duk fayil ɗin da ka buɗe sai ya bincike shi tukuna. To in masu gadin uku ne, kowannensu sai ya yi nasa binciken, kuma kowanne yana kallon ɗan'uwansa a matsayin ɓarawo. Tsohuwar kwamfuta mai ram giga 2 ko 4 ba ta da ƙarfin wannan rigima. Ba a sarki biyu a gari ɗaya.

Me ya sa cire anti-bairos ke da wuya? Da gangan aka gina shi haka. Abin da bairos ke fara nema in ya shigo shi ne ya kashe mai gadi. Saboda haka masu ƙera anti-bairos suka sa shi ya riƙa tashi tun kafin sauran manhajoji, ya kafa saiwa can cikin Windows, ya kuma hana kowa taɓa fayilolinsa. Bai san bambancin hannun mai gida da na ɓarawo ba.

A nan mutane da yawa ke yin kuskure. Wani ya goge ɗan hoton da ke kan allo ya ce ya cire. Wani ya shiga inda fayilolin suke ya goge abin da ya yarda ya gogu. Duk wanda ya taɓa noma ya san ciyawar kiri-kiri: ka sare kanta, saiwar na nan a ƙasa. Abin da ya fi muni, a cikin fayilolin da ka goge akwai wanda aikinsa shi ne cire manhajar. Ka jefar da mabuɗi ke nan, ƙofa kuma a kulle.

Kafin ka fara komai, kwafe muhimman takardunka da hotuna a filashi mai tsabta. Ka tabbata batir ya cika, ko janareta na da mai, domin in wuta ta ɗauke ana tsakar cirewa, aikin na iya tsayawa rabi da rabi. Tsofaffin batura ba su da amana.

Fara da ƙofar gaba. Rubutun allon da Turanci yake, don haka ka riƙe kalmomin yadda suke. A Windows 7, buɗe Control Panel, ka shiga Programs and Features. A Windows 10, buɗe Settings, ka shiga Apps. Nemo sunan anti-bairos ɗin, ka danna shi, ka danna Uninstall, wato cire. Zai yi ta roƙonka. Zai tambayi dalili, zai yi maka tayin rangwame, zai nuna maka babban madanni na fasawa ya ɓoye na cirewa a ƙaramin rubutu. Karanta a hankali, ko ka sa yaro ya karanta maka. In ya gama, danna Restart, kwamfutar ta mutu ta sake tashi. Ɗaya bayan ɗaya ake cirewa, kuma bayan kowanne sai an sake kunnawa.

In ya ƙi, buɗe shi kansa ka shiga saitinsa. Da yawansu suna da wurin kashe kariyar kai. Kashe ta, ka sake gwadawa. In kuma ka riga ka goge wasu fayilolinsa da hannu, akwai dabara: sake saka irin wannan anti-bairos ɗin a kan tsohon, ya cike giɓin, sannan ka cire shi ta ƙofar gaba.

In duk wannan bai yi ba, kamfanonin da kansu sun san halin kayansu, kuma sun yi ƙananan manhajojin tumɓuke su, kyauta. Ta McAfee sunanta MCPR. Ta Norton ita ce Norton Remove and Reinstall. Akwai Avast Clear da AVG Clear, ta Kaspersky kuma kavremover. Ba su cin data da yawa. Kana iya sauke ta a wayarka ka tura wa kwamfuta ta igiyar caji. Amma ina roƙonka, daga shafin kamfanin kaɗai za ka ɗauko. Intanet cike take da na jabu masu kama da na gaske, waɗanda su kansu bairos ne.

Wani lokaci ko wannan manhajar ba ta iya aiki matuƙar mai gadin yana farke. Sai a tashi kwamfutar a yanayin da ake kira Safe Mode, inda Windows ke tashi da abin da ya zama dole kawai, ta bar sauran suna barci. A Windows 7, kana kunna ta ka yi ta danna F8 har wani baƙin allo ya fito, ka zaɓi Safe Mode. A Windows 10, danne Shift ka riƙe, ka danna Restart. Shuɗin allo zai fito. Bi Troubleshoot, sai Advanced options, sai Startup Settings, sai Restart, sannan ka danna lamba 4. Allon zai yi wani iri, rubutu ya yi girma. Ba lalacewa ta yi ba. A nan za ka buɗe manhajar tumɓukewa ka bar ta ta gama.

Akwai inda ya kamata ka tsaya. Kwamfutocin hannu da yawa daga ofisoshin Turai da Amurka suka fito, kuma wasu na zuwa da anti-bairos na ma'aikata wanda ke neman kalmar sirri kafin ya fita. Kalmar tana can wurin ofishin da ya sayar. Kada ka ɓata yininka kana canke. Kai ta wurin mai gyara a Birnin Kudu ko Dutse, ko kasuwar Farm Centre in hanya ta kai ka Kano, a saka mata sabuwar Windows, bayan ka kwafe kayanka. Ka gaya masa mai gadi ɗaya kake so. Haka kuma in wani ya ce ka shiga Registry ka yi goge-goge, bar wa masu sana'ar, domin kuskure ɗaya a can na iya hana ta tashi gaba ɗaya. Wanda kuma ya taɓa biya da katin banki ya sani cire manhaja ba ya tsayar da cirar kuɗi. Sai ya shiga asusunsa a shafin kamfanin ya soke.

To wa zai yi gadi yanzu? Windows 10 da 11 suna da nasu, Microsoft Defender. In an kawo baƙo yakan koma gefe, in baƙon ya tafi ya dawo bakin aiki da kansa. Buɗe Windows Security ka ga alamun sun zama kore. A ganina ya ishi kwamfutar gida, muddin ana haɗa ta da intanet lokaci-lokaci ya sabunta kansa. Smadav, anti-bairos ɗan ƙasar Indonesiya da masu shago ke yawan sakawa, masu shi sun yi shi ne a matsayin ƙarin kariya musamman ta filashi, don haka yana iya zama tare da babban mai gadi.

Mai Windows 7 ne nake ji wa. Microsoft ya daina kula da ita tun 14 ga Janairu 2020, kuma Defender ɗin cikinta ba cikakken mai gadi ba ne. Kada ka bar ta tsirara. Bar mata anti-bairos ɗaya mai sabuntawa, kuma kada ka yi harkar banki a kanta. Windows 10 ma kulawarta ta yau da kullum ta ƙare ranar 14 ga Oktoba 2025, don haka mai ita ya fara tunanin gaba.

Ta Kawu Windows 10 ce. Biyu sun fita ta ƙofar gaba, mai jan rubutun kuwa sai da muka bi shi Safe Mode da manhajar kamfaninsa. Defender ya dawo. Kawu ya kunna ta da hannunsa, kafin ya gama goge tabarau ga lissafin taki a kan allo. Ya ciro littafin aljihunsa ya ce, "Ɗana, maimaita mini daga wurin danne Shift ɗin nan, a hankali." Ya rubuta har lamba 4, muka yi la'asar, na raka shi tashar motar Gwaram.