Gwiwar Inna da allurar da take nema

Wani matashi daga Ruwan Gizo, a ƙaramar hukumar Talata Mafara, ya aiko da tambaya kan mahaifiyarsa. Ta haura sittin, shekara uku ke nan gwiwarta ta dama tana damunta. In ta yi sujada sai ta dafa bango kafin ta miƙe, gwiwar kuma tana ƙara kamar an taka busasshen kara. An yi ƙaho, an yi tsaga, duk ranar kasuwar Mafara yana sayo mata ƙwayoyin haɗi a kemis. Yanzu ta ji labarin allurar da ake yi cikin gwiwa, ta ce ita take so. Tambayarsa: a yi, ko kada a yi?

Malam, Allah ya yi maka albarka. Ban duba Inna da idona ba, amma kwatancenka ya yi daidai da abin da mutanenmu ke kira sanyin ƙashi ko amosanin gaɓɓai. A bakin kowane ƙashi na gwiwa akwai guringuntsi mai santsi da ke hana ƙasusuwan gugar juna. Tsufa, ƙiba, tsohon targaɗe da aikin tsugunno na shekaru suna sa ya zaizaye, ƙashin ya yi tsiro a gefe, naman cinya kuma ya yi rauni. Wanda ya ga masu dashen shinkafa a filayen noman rani na Bakolori, daga Mafara zuwa Bakura da Maradun, ko uwar da ta shekara arba'in tana tsugune gaban murhu, ba zai yi mamakin yawan masu wannan ciwo a wajenmu ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2019 mutum miliyan 528 ke fama da shi, miliyan 365 daga cikinsu a gwiwa, kuma mata sun fi yawa.

Gaskiyar da za ka fara riƙewa ita ce har yau ba a tabbatar da wata ƙwaya ko allura da ke dawo da guringuntsin da ya tafi ba. Duk mai lasifikar da ya ce garinsa yana yin haka, aljihunka yake kallo.

To me ya sa mutane ke rantsuwa sun ji sauƙi? A 2002 likitoci a birnin Houston na Amurka suka fitar da sakamakon wani gwaji da ya ba da mamaki. Sun raba marasa lafiya 180 gida uku. Kashi biyu aka yi musu aikin da ake yayi a lokacin, a zura ƙarfe mai kyamara a wanke gwiwa ko a kankare ta. Kashi na uku kuwa fata kawai aka ɗan tsaga aka ɗinke, ba a taɓa cikin gwiwar ba, kuma da yardarsu aka shiga gwajin ba tare da kowa ya san kashin da ya faɗa ba. Aka bi su shekara biyu. Waɗanda aka yi wa aikin gaske ba su fi 'yan tsagar fata samun sauƙi ba. Ciwon nan yana tashi yana kwanciya, mutum kuma ba ya neman magani sai ranar da ya yi tsanani. In ya lafa bayan kwana biyar, sai faɗuwa ta zo daidai da zama, wanzami ko likita ya kwashe yabon. Haɗa da ƙarfin zuciyar wanda ya ga an yi masa wani abu. Shi ya sa masu bincike ba sa yarda da magani sai sun gwada shi kafaɗa da kafaɗa da na bogi.

Da wannan ma'auni aka auna allurar da Inna take so. Gaskiya tana kwantar da ciwo na 'yan makonni, musamman in gwiwar ta kumbura. Amma a wani gwaji da aka fitar da sakamakonsa a 2017, masu bincike a Boston sun yi wa mutum 140 allura duk bayan wata uku har shekara biyu, rabi maganin sitiroyid, rabi ruwan gishiri. Ciwon bai bambanta ba, guringuntsin masu sitiroyid ma ya ɗan fi zaizayewa. A 2020 wani gwajin da mutum 156 ya nuna cewa bayan shekara guda, waɗanda aka koya wa motsa gwiwa sun fi masu allura jin daɗin ƙafarsu. Ƙwayoyin gulukosamin masu tsada ma an gwada su a kan mutum 1,583, sakamakon da ya fito a 2006 ya nuna a jimlace ba su fi ƙwayar bogi ba.

Saboda haka amsata: allura ɗaya a hannun likitan ƙashi, lokacin da ciwo ya hana barci, babu laifi. A mayar da ita abin yi duk wata, ko a bar yaron kemis ya soka mata a cikin kantin, wannan kam a'a. Ƙwayar cuta in ta shiga cikin gaɓa tana iya lalata ta cikin kwanaki, allurar kuma tana ɗaga sukari ga mai ciwon sukari.

Abin da ya fi tayar min da hankali a wasiƙarka ma haɗin nan ne. Sau da yawa za ka tarar an zuba diclofenac da ibuprofen da piroxicam a leda guda, alhali dangi ɗaya ne, a ƙara da dexamethasone, wanda shi ma sitiroyid ne. Tsohuwa ta sha wannan kullum wata da watanni, gyambon ciki da hawan jini da ciwon ƙoda suna bakin ƙofa. In fuskarta ta fara cika kada ka ɗauka ƙibar lafiya ce. Kwashi ledojin ka kai wa likita ya gani, domin mai sitiroyid ba a yanke shi rana ɗaya, a hankali ake janyewa. Man diclofenac na shafawa ya fi aminci nesa ba kusa ba, shi ya kamata a fara da shi.

Maganin da ya ci jarrabawa ba a sayar da shi a kasuwa, shi ya sa ba shi da mai talla. Inna ta zauna kan kujera, ta miƙe ƙafar sambal, ta riƙe ta ƙirga goma, ta sauke. Sau goma kowace ƙafa, bayan Asuba da bayan La'asar. Sannan ta tashi daga kujerar ta koma ta zauna, a hankali, sau goma, da farko tana dafawa. Ta riƙa tafiya a fili mai laushi gwargwadon ƙarfinta. Makonnin farko za ta ce ciwo ya ƙaru, ɗan wannan ba ɓarna ba ce. A ba shi wata biyu zuwa uku kafin a yanke hukunci. Kuskuren 'ya'ya masu tausayi shi ne su ce "Inna ki huta", su ɗauke mata komai, cinya ta saki, gwiwa ta rasa mai tallafa mata.

In tana da jiki, rage nauyi yana aiki sosai. Kowane kilo ɗaya da aka sauke yana rage wa gwiwa kimanin kilo huɗu a kowane taku. A gwajin 2013 da mutum 454 a Amurka, waɗanda suka haɗa rage abinci da motsa jiki wata 18 sun sauke sama da kashi 10 cikin 100 na nauyinsu, ciwonsu ya ragu da kusan rabi. In kuwa siririya ce, a bar mata tuwonta da furarta.

Sai gyaran gida. Kafinta ya yi mata kujera mai rami a ɗora kan masai. A ɗaga mata wurin zama, ta rage zaman tabarma. Sanda a hannun hagu za ta riƙe, tunda gwiwar dama ce mai ciwo. Sallah kuma malamai sun yi bayani cewa wanda ya kasa tsayuwa ko sujada yana da rangwamen yi a zaune. Na san tsofaffinmu suna jin nauyin haka, ka sa limamin unguwa ya faɗa mata da bakinsa.

In gwiwar ta kumbura farat ɗaya, ta yi zafi, ga zazzaɓi, ko ta kasa taka ƙafar, ko ta ga baƙin bayan gida, a tafi babban asibitin Talata Mafara ranar nan. In an yi watanni ana motsa jiki amma ciwo na tashinta cikin dare, ƙafar kuma ta fara gwamewa, a nemi takardar turawa zuwa Cibiyar Lafiya ta Tarayya a Gusau, ko Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo a Sakkwato, ko Asibitin Ƙashi na Dala a Kano, a yi hoto a tattauna batun dashen gwiwa. Aikin yana taimakon wanda ciwonsa ya kai maƙura, sai dai tsadarsa da wahalar hanya a wannan yanayi na tsaro ba ƙanana ba ne. Ko an kai ga haka, likitan zai so ya tarar da cinyarta da ƙarfi, don haka gobe da asuba ka jawo kujera biyu, ka zauna kusa da ita kuna ƙirgawa tare.