Gashin karfatar akuya a gida: wuta kaɗan, lokaci mai yawa

Darasin wannan karo ya bar garke ya shiga madafa. Wani zai ce, ina ruwan ma'aikacin dabbobi da gashin nama? Ai da ruwanmu. Akuyar da muke yi wa rigakafi, muke ba ta maganin tsutsa, in ba a kai ta kasuwar Maigatari ran Alhamis ba, ƙarshenta cikin iyalinku za ta shiga ranar suna ko ranar layya. Saboda haka aikinmu bai ƙare ba sai an sauke tukunya.

Mun zaɓi karfata, wato hannun akuya tun daga allon kafaɗa har gwiwa, don ita ce mutane suka fi ɓatawa. Ana yanka ta ƙanana, a ɗora bisa harshen wuta kamar tsire, waje ya ƙone, ciki ya tsaya da jini, haƙori ya sha wahala. Sai a ce akuyar ce tsohuwa. Sau da yawa ba laifin akuyar ba ne.

Me ya sa karfata take da tauri?

Akuya da hannuwanta na gaba take ɗaukar nauyin kai da wuya, da su take dafa itace in za ta ci ganye. Naman wurin kullum cikin aiki yake, shi ya sa yake cike da jijiya da farar tantani. Jijiyar nan in ta gamu da wuta mai ƙarfi sai ta ƙanƙance, ta matse ruwan naman ya fita. Amma in ta daɗe cikin zafi marar yawa, tare da ɗan tururi, sai ta narke ta koma kamar romon ƙafa, naman ya saki ƙashi da kansa. Wannan narkewa ba ta son gaggawa. Karfata mai kilo ɗaya zuwa ɗaya da rabi tana bukatar awa 3 zuwa 4.

Ku duba bakin dabbar kafin ku yanka. Mai manyan haƙora biyu ta shekara ɗaya da wani abu, mai huɗu ta kusa shekara biyu, wadda ta cika takwas ta kai shekara huɗu ko ta wuce. Ta ƙarshen nan a ƙara mata awa guda. Taure ya fi bunsuru, don an dandaƙe shi tun yana ƙarami, ya yi kitse, kuma ba shi da warin nan da mata ke ƙi. Jar akuyar Maraɗi, gajeriya mai cikar jiki, karfatarta ta fi ta doguwar akuyar arewa tsoka, amma duk hanyar gashin ɗaya ce.

Abin da wuta ba ta gyarawa

Nan ne nake so ku tsaya da kyau. Zafi in ya ratsa tsakiyar nama ya kai digiri 70, yana kashe yawancin ƙwayoyin cuta da ƙwan tsutsa. Shi ya sa gashi a hankali ya fi gashin gaggawa lafiya, balle ga mace mai ciki da yara. Amma akwai abin da ko kwana nama ya yi a wuta ba zai fita ba.

Na farko, ciwon saifa. Dabba ta kwana lafiya, da safe a tarar ta faɗi, baƙin jini yana fita ta hanci ko ta baya, kuma jinin ba ya daskarewa. Na san al'adarmu: a yi maza a sa mata wuƙa kada ta zama mushe. To wannan kada a feɗe ta, kada a ci, kada a sayar da fatar. Ƙwayar cutar in ta sha iska tana yin ɓawo mai jure zafi, tana zama cikin ƙasa shekara da shekaru, kuma tana kama mai fiɗa ta ɗan rauni a hannu. A haƙa rami mai zurfi a binne ta yadda kare ba zai tono ba, a sanar da ma'aikacin kiwo mafi kusa. Haka in awaki suna ta ɓari a garke ɗaya, kada a yanka ko ɗaya sai an duba. A 2016, zazzaɓin kwarin Rift ya kashe mutane a Cintabaradan da Tasara cikin jihar Tawa, kuma makiyaya masu taɓa jinin dabbobi da abin da suka ɓarar su ne ya fi kamawa.

Na biyu, magani. Akuyar da aka yi wa allurar teramisin mai daɗewa a jiki, sai ta yi mako uku zuwa huɗu kafin a ci namanta. Allurar ibamektin ta tsutsa da ƙazuwa takan fi haka. Adadin kwanakin yana rubuce jikin kwalba, in ba ku iya karantawa ba ku tambayi wanda ya yi allurar, ku riƙe ranar. Wuta ba ta cire maganin duka. Kuma da yake a wuya ake yawan soka allura, dab da kafaɗa, karfata ce ke fara ɗaukar abin. Na taɓa zuwa wani suna inda aka kawo mini karfata in duba, na tsaga na samu wuri ya yi ruwan ɗorawa yana warin magani. Ashe kwana biyar kafin nan wani mai tallan magani a kasuwa ya yi mata allura. Maigidan bai ji daɗin maganata ba, amma ba a ci ba.

Na uku, kaluluwa. A gaban allon kafaɗa, inda wuya ya haɗu da karfata, akwai kaluluwa ɓoye cikin kitse, girmanta kamar dabino. Mu ita muke fara dubawa a mahauta. Ku lalubo ta da yatsa ku cire. In ta kumbura, in akwai mugunya mai kauri fara ko mai kore-kore, a yanke ta da naman da ke kewaye da ita ba tare da an fasa ba, a ƙone, a wanke wuƙa da sabulu da ruwan zafi. In kun samu irinta wuri da yawa, ko cikin huhu da hanta, a kira mu. Ko lafiyayya ce ma a cire ta, tana ɓata ɗanɗano.

Yadda ake gashin

Dabbar ta huta tun daren jiya, a ba ta ruwa, a hana ta abinci. Wadda aka koro daga kasuwa aka yanka nan take, namanta baƙi ne, kuma yana saurin lalacewa. A feɗe a rataye, ba bisa ƙasa ba. Da hunturu karfata tana iya kwana a rataye inda iska ke bugawa, an rufe ta da ƙyalle mai tsabta saboda ƙuda. Da bazara kuwa a gasa a ranar.

A daka gishiri, citta, masoro, kanumfari, kimba kaɗan, tafarnuwa da barkono, a kwaɓa da man gyaɗa. A tsattsaga naman da bakin wuƙa, a cusa haɗin ciki, a bar shi awa guda a inuwa a rufe. In tsohuwar akuya ce, a murza ɗanyen ganyen gwanda a naɗe ta da shi cikin awar nan, yana sassauta nama. Kanwa kuwa ni ban yarda da ita ba a nan. Tana sa nama ya yi laushi, gaskiya ne, amma sai ya yi santsi ya rasa daɗinsa.

A hura wuta da busasshen itace mai ƙarfi, a bari harshen ya mutu, garwashi kawai ake so. Karan hatsi ba ya riƙe wuta. Aguwa da tumfafiya masu farin ruwa ne, kada su kusanci nama, haka leda da roba da wasu ke tada wuta da su. Kuma don Allah kada a sassabe gawo saboda gashin rana ɗaya. Gawon gonakin Magarya, Matamai da Mirya shi ke ba awakin nan ƴaƴa lokacin da ciyawa ta ƙare.

A fara ɗora karfatar bisa garwashi minti goma, ana juyawa, har ta yi ja ta ɗauki ƙamshin hayaƙi. Sannan a shimfiɗa albasa manya uku a gindin tukunya, ta ƙasa ko ta ƙarfe mai kauri, a zuba ruwa rabin moɗa, a ɗora naman bisa albasar. A rufe, a liƙe bakin murfin da kwaɓaɓɓen gari don tururi ya zauna ciki. A haƙa ɗan rami, a zuba garwashi, a yayyafa masa toka, a zaunar da tukunyar, a ɗora wani garwashin bisa murfi. Mahauta da yawa takardar buhun siminti suke naɗe nama da ita. Mun sha faɗa, ƙurar siminti ba abin ci ba ce. A gida tukunya ta wadatar.

Yaya za a san zafin ya yi daidai? Ku miƙa tafin hannu sama da garwashin, tazarar taƙi ɗaya. In kun iya ƙirga goma kafin ku janye, ya yi. In ba ku kai biyar ba, a ƙara toka. Kunne ma yana aiki: tukunyar ta riƙa ɗan ƙara a hankali, ba tafasa ba. Duk awa a ƙara garwashi kaɗan. Kada a yi ta buɗewa ana leƙe, kowace buɗewa tana maida aiki baya.

Bayan awa uku a buɗe. A kama allon kafaɗa a ja. In ya zare fes ba nama a jikinsa, kuma ruwan da ke fita kusa da ƙashi ba ja ba ne, ta nuna. In ya ƙi, a ƙara ruwa kaɗan a mayar. Daga nan a shafa mai, a barbaɗa yajin ƙuli-ƙuli, a sake nuna ta ga garwashi minti biyar don bayan ya ɗan soyu. Romon albasar da ya rage a gindin tukunya na tuwo ne ko na shinkafa.

A ci da zafinta. Abin da ya rage kada ya wuni a rufe cikin kwano da zafin nan namu: a sake tafasa shi sosai kafin a ci, ko a zare tsokar a daka a soya ta zama dambu. Ƙashin kuma a jefa cikin wuta ko a binne. Kai da kayan ciki masu ƙullin ruwa ma haka, kada a ba kare, don ta wurin kare tsutsar take komawa cikin garke.